Yatsan da Bai Fito Ba

Daga Allah muka fito, gare shi kuma za mu koma, da mai haƙa ramin da wanda aka haƙa wa. Kawuna, yayan mahaifiyata, maginin rijiyoyin Ayigya Zango da ke Kumasi, ya rasu wata Laraba da hantsi a tsakiyar daminar bana. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa.

Tabarmi shida na shimfiɗa a ƙofar gida don zaman makoki. Biyu suka ishe mu, har da wurin ajiye buta. Ba zan yi wa mamaci ƙarya in ce jama'a ta yi cincirindo ba. Rabin waɗanda ya kamata su zo ba sa ƙasar ma, tun bara aka kore su. Rabin da ya rage kuwa suna nan daram, suna jin salatin mata ta kan katanga, amma sai suka ga ranar ce ta fi dacewa da zuwa kasuwa.

Liman ya zo ya sallace shi, ya yi addu'a gajeriya kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Musulmi dai, ba ta ce shi ba. Wani dattijo da ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu muna haɗa sahu a masallaci, ya sunkuya zai sa takalmi, ya ce wa na kusa da shi, "To, ya tafi. Allah ya sa can ma ba a ba shi takarda ya rubuta mutane ba." Inna, mahaifiyata, ta ji shi daga zaure. Tun ranar ba ta sake amsa gaisuwar matarsa ba.

Mutum ɗaya ce ta yi masa kuka na sosai, ita ma ba 'yar zango ba ce. Wata tsohuwa ce Batoniya, wato 'yar Asante, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, a bakin titi. Ta shigo da baƙin zane, hannu a ka, tana rusa kuka. Mata suka ce ta yi haƙuri, mu ba haka muke yi ba.

Ta ce da Hausa gauraye da yarensu na Tonanci, "Ku bar ni! Ku ba ku yi kuka, ni ma kada in yi? Jikana ya faɗa rijiya, wannan mutum ne ya shiga ya fito da shi. Mutumin kirki paa. Ku mutanen zango kun manta kraa."

Saboda haka nake wannan rubutu. Rubutu sana'ata ce. Akawu ne ni, ina da tebur da tafireta a gefen tashar Kejetia, ina buga wa mutane wasiƙu. Na buga wa jama'a gaskiya da ƙarya iri-iri, yau tawa gaskiyar zan buga. Zango na cewa Kawu ne ya sayar da su. Ba shi ba ne, kuma shaidar tana aljihuna.

Kada wani ya ce na shafa masa mai: Kawu ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Gajere ne, faffaɗan kafaɗu, ga faɗa kamar zakara. Yana goye aka kawo shi Kumasi daga Tawa cikin ayarin fataken goro, amma har ya mutu harshensa bai saki Tawa ba. In ka yi maganar da ba ta gamshe shi ba, sai ya karkata kai ya ce, "Mi ka ce?" Daga nan ka san ka shiga uku. Ni kuwa bai taɓa kirana da sunana ba. Tun ranar da na sayi tafireta na zama Akawu.

"Akawu, zo ka riƙe mini igiya, in hannunka na masu ofis ba zai yi kanta ba."

In zai gina rijiya ba ya shawara da kowa. Sai ya tuɓe takalmi ya yi ta zagaya filin, ya durƙusa, ya ɗebi ƙasa ya ɗora a harshe, ya tsotsa, ya tofar. Sannan ya ce "nan", ko ya ce "ba nan ba". Mai gida ya yi ta magiya cewa nan ne kusa da madafa, shi dai ba nan ba. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne masai kusa da rijiya. Wani attajiri ya taɓa sa a haƙa masai a inda Kawu ya hana. Kawu ya sauka cikin ramin ya zauna tun safe har la'asar, ya ce sai dai a gina a kansa. Dole aka cike ramin. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Ku katanga kuke gani. Ruwan da ke ƙasa bai san gidan wane da gidan wane ba. Abin da ka zubar bana, maƙwabcinka zai sha baɗi."

Aminin Kawu guda ne, wani mahauci da muke kira Baba Mahauci. A Kumasi aka haife shi, a Kumasi aka haifi ubansa, kakansa ne ya zo daga Ƙonni. Tun da na yi wayo, kullum bayan azahar su biyun kwano ɗaya suke ci a zauren Kawu. Sun taɓa ɓatawa, don Baba Mahauci ya wanke tumbi a bakin rijiya. Wata guda cur ba sa magana, amma ba a fasa cin tuwon ba. Iya, matar Kawu, ita ta zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da gwiwoyinsu ke gugar juna.

"Gaya mishi ya matso da miya."

"Gaya masa hannunsa ba a ɗaure yake ba."

Da suka shirya ma ba wanda ya ba wani haƙuri. Baba Mahauci ne kawai ya zo da ƙafar saniya, Kawu ya ce ta yi ƙashi da yawa, shi ke nan.

Akwai abu ɗaya da Kawu ba ya magana a kai, wato ƙaninsa, autansu. Shekarun baya ya tafi arewa neman aiki, Turawa suka ɗauke shi lebura can cikin Sahara inda suke gwada bam ɗinsu. Ya dawo mana da tari, gashinsa na zuba a kan matashi, dasashinsa na jini. Ya ce su ne ke share ƙurar motoci bayan an yi gwajin, Turawa cikin riguna masu rufe fuska, su kuwa da rawani. Likitocin asibitin Bantama sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah bai yi ba. Kawu ne ya wanke gawar da hannunsa. Ya fito, ya wanke hannu, ya ɗauki dagi ya tafi aiki.

A farkon bara, 1969, masu awon ƙasa suka zo suka kafa turaku masu jan fenti a kan tudun da ke bayan zango. Aka ce wani kamfanin Turawa ne zai gina masana'anta. Zango ya yi murna, samari har sun fara rabon muƙaman gadi da tuƙi a tsakaninsu. Akwai wani ɗalibin jami'a da ke haya a gidan Kawu, shi ya ɓata bikin. Su Kawu na tsakiyar cin tuwo ya ce ya ji a wajen malamansu cewa makamashin injinan atom za a riƙa haɗawa a wurin, da wani abu wai shi fulutoniyam.

Kawu ya ce, "Mi ne ne shi?"

"Wani irin ƙarfe ne, Baba. Guba ne in ya shiga jiki, kuma ba ya mutuwa. Shi ake sawa a bam."

"Wane bam?"

"Irin wanda aka gwada a Sahara."

Kawu ya mai da lomarsa cikin kwano. Washegari da sassafe ya hau tudun ba takalmi, ya ɗanɗana ƙasar turke bayan turke. Da ya sauko ya ce duk rijiyoyin zango daga ƙarƙashin tudun nan suke sha.

Ni ban san ilimin atom ba, har yau ban sani ba. Na dai san Kawu ya san ruwa. Ya bi gida-gida, ya tare maza a ƙofar masallaci, ya tare mata a bakin rijiya. Samari suka ce tsoho ne mai baƙin ciki, ya ci zamaninsa yana son hana su nasu. Da ya ga baki ba zai yi ba, sai ya je marina ya roƙi ruwan baba bokiti-bokiti, ya juye a wani rami mai zurfi da masu awon suka huda a kan tudun. Aka yi ta yi masa dariya. Bayan 'yan kwanaki matar Liman ta ja guga, ruwan ya fito da shuɗi-shuɗi. Ihun da ta yi ya fi duk wa'azin Kawu aiki. Wannan ne karo ɗaya tak da ya ɓata ruwa da gangan, kuma shi ya shiga ya yashe rijiyar da kansa.

Daga nan zango ya tashi. Mata suka ce ba za a shayar da 'ya'yansu guba ba. Aka yi taro, aka ce a rubuta takardar koke, kowane magidanci ya dangwala yatsa, a kai wa hukuma. Waye zai buga? Akawu mana.

A nan nake so mai karatu ya buɗe kunne. Na zauna gaban tafireta, ina so takardar ta yi kama da ta ofis, kada a raina mu. Na ja layi huɗu: suna, sunan uba, gari, yatsa. Ba wanda ya ce in sa layin gari. Ni na sa shi, don na ga haka takardun gwamnati suke.

Duk wanda ya san zango ya san abin da zai biyo baya. A wurinmu in ka tambayi mutum shi ɗan ina ne, ba inda aka yanke masa cibiya zai faɗa maka ba, garin kakansa zai faɗa. Abin kunya ne ka ce kai ɗan nan ne kawai, kamar ba ka da tushe. Haka suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Maraɗi. Dogon Dutsi. Sakkwato. Damagaram. Mutanen da Tonanci ya fi zama a bakinsu, waɗanda ko Tamale ba su taɓa gani ba. Baba Mahauci ya buga ƙirji ya ce, "Ƙonni! Rubuta da babban baƙi." Kawu kuwa abin ya yi masa daɗi.

Ya ce, "Rubuta, Akawu. Su san ba tsinto mu aka yi ba, kowa na da asali."

Da na zo kan layina da na gidanmu, sai na buga Kumasi. Ba wayo ba ne, haka aka koya mini a makaranta, gari shi ne inda aka haife ka. Amma ke nan na san abin da mai ofis zai fahimta in ya karanta layin. Na sani, ina jin abin da mutane ke faɗa, na ci gaba da bugawa.

Kawu ne na ƙarshe. Ya ce wanda ya kira taro ba ya riga baƙinsa sa hannu a kwano. Bayan kowa ya watse, daga ni sai shi, ya danna babban yatsansa a tawada ya danna a takarda. Ba abin da ya fito sai baƙin tabo. Igiyar guga da dagi sun cinye zanen yatsan tas, ya yi sumul kamar bayan cokali. Sau uku yana gwadawa, tabon na ƙara faɗi. Ya yi dariya ya ce, "To, sun dai gan shi," ya tafi alwala.

Ni kuwa na dubi shafin na ga ya ɓaci. Na ce a raina za su ce mun yi cuwa-cuwa, tabon nan zai sa su yar da takardar duka. Sunansa ne na ƙarshe a ƙasan shafi. Na ɗauko reza da rula, na yanke layin, na sa a cikin littafin aljihuna. Ban gaya masa ba. Washegari ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya naɗe takardun a ƙyalle, ya kai su ofis da kansa, yana tafiya kamar mai ɗauke da jariri.

Shiru, ba amsa. Sai ƙarshen shekara gwamnati ta ba da doka: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mutanenmu da yawa ba su ma ɗauka da su ake ba. Wa zai kira Baba Mahauci baƙo a Kumasi?

Da wa'adi ya cika, wasu masu kaki suka shigo zango da takardu a hannu. Ina hango takardun na gane su. Tafiretata tana da wani lahani, harafin "a" yakan ɗan yi tsalle sama da layi. Daga inda nake tsaye ina ganin tsallen nan. Yadda takardar kokenmu ta bar wancan ofis ta faɗa hannun waɗannan, Allah kaɗai ya sani. Suka bi ta layi-layi, gida-gida, yadda na tsara musu. Wanda ya ce a nan aka haife shi, sai a ce ina takardar haihuwa? Wace takarda, mutumin da ungozoma ta karɓa a ɗakin uwarsa? Sai a nuna masa layin.

"Wannan ba yatsanka ba ne? Ba kai ka ce Ƙonni ba?"

Aka kira duk wanda ya faɗi garin waje, ba a kira Kawu ba. Kafin la'asar zango duka ya lura.

A Kejetia aka loda su. Ban taɓa ganin tashar haka ba, katifu da tukwane da kekunan ɗinki zube a ƙasa, ana sayarwa a wulaƙance, tsofaffi zaune a kan ƙunshin kaya. Kawu ya kutsa cikin jama'a da gorar ruwan rijiyarsa, ina biye da shi. Muka samu Baba Mahauci a bayan lori, ya rungume wuƙaƙensa naɗe cikin fata. Kawu ya miƙa masa gorar. Bai karɓa ba.

Ya ce, "Ka ce mu sa hannu, mun sa. Ina naka?"

"Na sa! Wallahi na sa."

"Ni aka haifa a garin nan, kai aka goyo. Ni ke kan lori, kai kana ƙasa. Shekara nawa muna cin kwano ɗaya?"

Kawu ya sake ɗaga gorar.

Baba Mahauci ya ce, "Riƙe ruwanka. Kai za ka zauna ka sha."

Ina tsaye a wurin, guntun takardar na cikin aljihuna, ina jin sa kamar garwashi. Na dubi fuskokin da ke kan lorin, na dubi waɗanda ke ƙasa, na ja bakina na yi shiru. Tsoro ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Washegari Kawu ya sake sa rigar Idin, ya tafi ofishin da ake tantance baƙi. Ya ce musu shi ɗan Tawa ne, can aka haife shi, ba shi da takarda, su sa shi a mota. Wani matashin ma'aikaci ya duba jerin sunaye sama da ƙasa, ya yi dariya, ya kira shi yadda 'yan Asante ke kiran dattijo, ya ce, "Nana, sunanka babu. Je gida ka huta." Mutum ɗaya da ya kai kansa, shi suka ƙi ɗauka.

Sai da na yi mako biyu ina juyi kafin na iya zuwa wurinsa. Na same shi a zaure yana tufka igiyar da ba wanda zai sa shi aiki da ita. Na durƙusa, na ajiye guntun takardar a gabansa, na faɗa masa komai. Ba ya karatun boko, amma ya gane tabonsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya babban yatsansa ya kalla.

Ya ce, "Da mi ka yanke?"

Na ce, "Da reza, Kawu."

"Ka iya yanka. Ya miƙe sarai."

Na so ya zage ni, ko ya ɗauki igiyar nan ya zabga mini. Mutumin da ya yi wata guda yana gaba a kan wankin tumbi, ranar ko murya bai ɗaga ba. Na ce zan kai takardar masallaci ranar Juma'a in nuna wa kowa.

Ya ce, "Mai da shi aljihu. Kana da ɗiya ƙanana, teburinka a kasuwa yake, da mutanen ga za ka ƙare zamanka. Ni nawa ya rage mini? Bar su su aza mini."

Ya sa na rantse ba zan nuna ba muddin yana da rai. Na rantse. Abin da ke hana ni sukuni har yau shi ne saurin da na yi wajen rantsuwar.

Watannin da suka rage masa ba su da daɗin faɗi. Ba wanda ya sake kiransa aiki, in rijiya ta rufta sai a ɗauko wani daga wata unguwa. A masallaci in ya tsaya a sahu sai a bar tazara a gefensa, shi da kansa ya koma sahun baya kusa da takalma. Amma ruwansa ba wanda ya yi zuciya da shi. Matan da ba sa gaishe shi, kullum da safe gugansu na cikin rijiyar da ya gina. Iya ta ce bayan azahar yakan ci gefensa na kwano, ya bar ɗaya gefen yadda aka kawo shi.

Masana'antar kuwa ba a gina ba. Gara ta cinye turakun, awaki na kiwo a tudun. Wasu sun ce kokenmu ne ya hana, ɗalibin nan ya ce wataƙila tun farko maganar ba ta yi nisa ba. Ba wanda ya zo ya gaya mana komai, mu da ba a ɗauke mu bakin komai ba sai ranar da ake neman jerin sunaye. Da na kai wa Kawu labarin turakun yana kwance, bai ko buɗe ido ba.

Ya ce, "Ruwan na da daɗi?"

Na ce, "Yana da daɗi, Kawu."

Ya ce, "To."

Ranar sadakar bakwai rantsuwata ta sauka, na fito da guntun takardar na nuna wa Liman a gaban waɗanda suka zo. Ya juya ta, ya yi kabbara, ya ce, "Ɗana, wa ya rage da za ka nuna wa?" Dattijon nan mai takalmi kuwa cewa ya yi tabon tawada ai ko jiya ana iya yin sa. Na gane zango ya riga ya sami wanda zai ɗora wa, kuma mamaci ya fi sauƙin ɗauka.

Mutum ɗaya ne dole ya gani. Na zauna a teburina na buga wa Baba Mahauci wasiƙa, na faɗa masa duk abin da na faɗa a nan, na sa guntun takardar a ciki. Da na zo rubuta adireshi sai na ga ba ni da komai sai layin nan da na buga da hannuna: sunansa, sunan ubansa, Ƙonni. Haka na aika.

Makon jiya wasiƙar ta dawo, ba a buɗe ta ba. An yi wani rubutu da Faransanci a bayan ambulan. Na kai wa wani direba mai zuwa arewa ya karanta mini. Ya ce an rubuta ba a san mai wannan suna a garin ba.

Na farke ambulan. Yatsan Kawu na ciki, baƙi ƙirin, gefensa a miƙe yadda na yanke shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba shi abin da zango ya hana shi. Wanda kuma ya san inda lorin nan ta sauke Baba Mahauci, don girman Allah ya zo teburina a Kejetia ya gaya mini. Tsoho ne, kuma har yanzu yana zaton amininsa ne ya sayar da shi.